Yadda muka nemo wa ƙanina taron masu daina giya, da abin da ya biyo baya

Na jima ina so in rubuta wannan abin amma sai da na nemi izinin mai shi tukunna, ya ce in rubuta kar dai in saka suna ko wani abu da za a gane shi, to haka zan yi. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 34, ya kai shekara 11 yana shan giya, ukun ƙarshe kam kullum ne ba fashi. Zan kawo lamarin tun daga farko har inda muke yanzu, saboda lokacin da muke cikin neman mafita na rasa wanda zai faɗa min dalla-dalla me ake yi a irin wannan taron, kowa sai dai ya ce "a sa shi ya nemi taimako" shikenan, a ina, wajen wa, ƙarfe nawa, ba mai cewa.

Shan nasa ya fara ne daga ƙarshen sati tare da abokai, ya koma da an tashi aiki, daga baya ya daina neman abokan ma, shi kaɗai yake zama ya sha. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne safiyarsa, hannu yana rawa sai ya kurɓa kafin ya iya riƙe abu da kyau. Alƙawari kuwa ya yi min ya fi a ƙirga, "Yaya wallahi daga yau na daina", kuma na yarda har zuciyarsa yake faɗa, amma mafi tsawon da ya taɓa yi kwana 9 ne, shi ma a shekarun baya kafin abin ya kama jiki.

Ranar da ya yanke shawara da gaske sai ya yi abin da ya kusa halaka shi. Ya zubar da duk abin da ke ɗakinsa ya ce ba zai ƙara ba, bai faɗa wa kowa ba. Daren farko gumi da amai da rashin barci, washegari da yamma jiki ya ɗauki karkarwa sannan ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, matarsa ce ta kira ni tana kuka muka kai shi asibiti. Likitan ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun sani tuntuni: giya tana danne ƙwaƙwalwa, idan aka daɗe ana sha kullum sai ƙwaƙwalwar ta saba turewa da ƙarfi don ta iya aiki, ranar da aka cire giyar gaba ɗaya sai turewar ta wuce gona da iri, kamar wanda ya jingina da ƙofa yana tura ta aka buɗe daga ciki. Alamun suna farawa tun daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, mafi haɗarin kuma shi ne ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi da ke zuwa wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, wannan yana kisa idan ba a kula ba. Suka kwantar da shi suna ba shi maganin da ke sauko da jiki a hankali da bitamin B1. Na sa wannan a gaba da gangan, duk wanda yake sha kullum har jikinsa na rawa da safe, don Allah ya fara ganin likita kafin ya tsaya, taron da zan yi magana a kai ba asibiti ba ne.

Bayan an sallame shi sai ainihin matsalar ta fito. Jiki ya warware, amma ƙarfe biyar na yamma tana nan, lokacin da ya saba sha shekara da shekaru, yanzu ba abin da zai zuba a ciki. Yana dawowa daga aiki sai ya dinga zagaye gida, ya zauna ya tashi, ya yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata nas ce tun muna asibitin ta ce masa ya nemi taron mutanen da su ma suka daina, ta ambaci Alcoholics Anonymous da ake taƙaitawa AA, a lokacin ya ce to kawai. Sai a kwana na shida a gida ya kira ni da kansa ya ce "Yaya taron nan da matar nan ta faɗa, nemo min."

Neman bai zo da sauƙi ba. Na shiga intanet na samu jerin taruka da rana da lokaci da adireshi, muka zaɓi mafi kusa muka tafi, muka tarar da ƙofa a kulle, ashe sun canja wuri jerin ne ba a gyara ba. Mutumin da ya yi sati yana tara ƙarfin zuciya ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, kun san yadda zai ji, a mota ya ce min "ka gani ko, dama ba rabo." Kuskurenmu ne, akwai lambar waya a jikin jerin ban kira ba. Washegari na kira, wani mutum ya ɗauka wanda shi ma tsohon mashayi ne, ba ma'aikaci ba ne sa kai yake yi, ya faɗa min inda suka koma, ya ce kuma in ba ƙanin nawa wayar, suka yi kusan minti goma suna magana, ya ce masa zai tsaya a bakin ƙofa ya jira shi. Daga shi na fara jin cewa taron iri biyu ne, akwai buɗaɗɗe da kowa zai iya shiga har ɗan uwa ko aboki, akwai rufaffe na masu matsalar sha kaɗai. Ya kuma nuna min manhajar waya mai suna Meeting Guide da ke nuna tarukan da ke kusa da mutum, tana da amfani a inda ƙungiyoyin yankin suka saka bayanansu, amma ko da ita ni dai shawarata a kira waya kafin a fita.

Taron farko buɗaɗɗe ne don haka na raka shi. Mun yi wajen minti 20 a cikin mota yana cewa bari dai ya ɗan huta, tsoronsa ɗaya kar ya ga wanda ya san shi, har mutumin wayar ya hango mu ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce masa "ɗan uwa duk wanda ka gani a ciki abin da ya kawo ka shi ya kawo shi." Ɗaki ne na haya da kujeru a zagaye, mutum kamar goma sha biyar, ba rajista, ba fom, ba katin shaida, sunan farko kawai ake faɗa shi ma idan mutum ya ga dama. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe taro, aka karanta matakai 12 ɗin da suke bi da wasu ƙa'idoji, ciki har da wadda ta ce sharaɗin zama ɗan ƙungiya guda ɗaya ne tak, son daina sha. Aka tambaya ko akwai sabon zuwa, ƙanina ya ɗaga hannu da ƙyar bai ce komai ba, ba wanda ya matsa masa. Daga nan aka shiga bi da bi, kowa minti uku ko huɗu yana faɗin nasa, ba a katse mutum, ba a ba shi amsa, ba mai cewa ai da ka yi kaza. An zagaya da ɗan kwando na kuɗin hayar ɗaki, wanda ke da shi ya saka wanda ba shi da shi ya miƙa gaba, don ba sa karɓar tallafi daga waje. Awa ɗaya cif aka tashi.

Ni abin ya taɓa ni sosai, shi kuwa ya fito ransa a ɓace. Ya ce wani ya cika surutu, ya ce yawancinsu sun girme shi da nisa labarinsu na gidan yari da mutuwar aure ne shi bai kai nan ba, ya ce kuma matakin farko da ke cewa mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa bai kwanta masa ba, shi da yake neman ƙarfi a ce ya fara da cewa ba shi da shi. Maganar dogaro da wani iko da ya fi mutum ita ma ta tsaya masa, yana tunanin ko wani addini ake so a cusa masa. Gaskiyar magana AA ba ta bin wani addini guda, matakan sun bar wa kowa fahimtarsa game da Ubangiji, amma a Amurka ta taso cikin Kiristoci kuma ana jin ƙanshin hakan a wasu taruka, wanda abin ya dame shi yana da hujja. Shi ya sa ma wasu Musulmi a birnin Baltimo na Amurka suka kafa tasu a 1989 mai suna Millati Islami, suka gyara matakan bisa koyarwar Musulunci, sannan akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994 wadda ba ta shiga maganar addini sam, tana koyar da yadda za a riƙe niyya, yadda za a jure ƙishin giya idan ya taso, yadda za a sarrafa tunani da fushi, da yadda za a daidaita rayuwa.

Da a ce daga wannan daren muka yanke hukunci da maganar ta mutu a nan. Abin da ya cece mu mutumin wayar ne, ya biyo mu har mota ya ce kowane taro da halinsa ko da littafi ɗaya suke karantawa, ya gwada biyar ko shida daban-daban kafin ya ce ba nasa ba ne, ya kuma ba shi wata takarda da mutum huɗu suka rubuta lambobinsu a jiki. Cikin sati biyu ya je huɗu. Ɗaya ya yi masa girma da hayaniya. Ɗaya na SMART ne ta Zoom, irin tarukan da suka yawaita tun lokacin korona a 2020, ya shiga ya kashe kyamara yana saurare, ya ji daɗin darasin har yanzu yana amfani da dabarar da ya koya a can ta jiran ƙishin ya wuce, don yana tasowa ne ya kai ƙololuwa ya sauka ko an sha ko ba a sha ba, amma ya ce da ya ajiye wayar sai ya ga ai yana nan dai shi kaɗai a ɗakin da ya saba sha. Wanda ya zauna masa wani ƙaramin rufaffen taro ne na mutum takwas ko tara da ake yi ƙarfe shida na yamma sau uku a sati, kusa da wajen aikinsa. A ganina rabin nasarar a lokacin take, daga ofis yake wucewa can kai tsaye bai bi ta hanyar da ya saba bi ba, kafin a tashi lokacin da ya fi masa wahala ya wuce.

A can ya samu jagora, wato wanda ya riga ka dainawa da daɗewa ya yarda ya riƙe hannunka, ka kira shi kowane lokaci ya bi da kai matakan ɗaya bayan ɗaya. Nasa dattijo ne da ya yi shekaru bai sha ba, ƙanina yana ce masa Baba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa, "ka kira ni kafin ka sha, bayan ka sha ma zan ɗauka amma ka fara gwada kafin." Da na bi tarihin abin sai na ga ai daga kiran waya ƙungiyar AA ta samo asali. A 1935 Bill Wilson, wani ɗan kasuwar hannun jari da ya yi kusan wata biyar bai sha ba, ya je garin Akron a jihar Ohayo kan wata harka ta lalace, yana tsaye a harabar otal yana jiyo hayaniyar mashaya ƙishi ya taso masa, sai ya kama waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi don ya ceci kansa, har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith. Ranar 10 ga Yuni 1935 ake ƙirgawa a matsayin ranar kafa ƙungiyar, ranar da aka ce likitan ya yi shansa na ƙarshe, littafinsu ya fito a 1939, yau kuma suna ƙasashe kusan 180. Na tambayi ƙanina me ya sa maganar Baba take shigarsa alhali ni na yi shekaru ina faɗa masa kusan abu ɗaya, ya ce "Yaya kai idan na ce maka na gaji ne yau ba zan je ba sai ka yarda, shi kuwa ya san me nake shiryawa don shi ma ya taɓa yin wannan ƙaryar."

A kwana na 47 ya koma ruwa. An yi masa faɗa a wajen aiki, bai ci komai ba tun safe, ya ɗauko wayar ya duba lambar Baba ya mayar aljihu. Kwana uku yana sha. A taron suna yawan gargaɗi kan abu huɗu, yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya, ranar duk huɗun sun haɗu masa. Abin da ya fi shan kansa haɗari a wannan karon kunya ce, ya ce ba zai iya shiga ɗakin nan ya kalli mutanen da suka tafa masa ranar da ya cika kwana 30 ba. Baba ya kira sau biyu bai ɗauka ba, a na uku ya ɗauka, dattijon bai yi masa faɗa ba, ya tambaye shi ko jikinsa na rawa, ya ce ya fara zuwa wajen likitansa yau ɗin nan, gobe kuma zai zo ya ɗauke shi da kansa. Da ya shiga ya faɗa musu, mutum uku a ɗakin kowa da aka zo kansa ya ba da labarin nasa komawar, ɗaya sau huɗu kafin ta zauna masa. Ya ce min a ranar ce ya fara jin shi ɗan taron ne, kafin nan baƙo yake ganin kansa.

Nan ne kuma na gane nawa laifin. Tun fitowarsa asibiti na zama ɗan sandansa, in ya shigo ina shinshina, ina duba motarsa, ina ƙirga masa kwana fiye da yadda shi yake ƙirgawa, matarsa ita ma haka, kuma da ya koma ruwa na faɗa masa maganganun da har yau nake nadamarsu. Baba ne ya aiko min da saƙo ta bakinsa cewa akwai taron 'yan uwa da iyalan masu sha, Al-Anon, da Lois matar Bill Wilson ta kafa tare da wata abokiyarta a 1951, har da reshen matasa Alateen na 'ya'yan gidan. Ni da matar muka fara zuwa. Abin da na ɗauko daga can shi ne ba ni na jawo shan ba, ba zan iya juya shi ba, ba kuma ni zan warkar da shi ba. Ya yi min nauyi da farko don ji nake kamar an ce in zare hannu daga ɗan uwana, amma da na daina bincike sai ya fara faɗa min gaskiya da kansa, har ranar da ƙishin ya dame shi yakan ce "Yaya yau da wahala."

Akwai masu cewa irin wannan taro zaman hira ne kawai. A 2020 cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar da wani babban bita ƙarƙashin John Kelly na jami'ar Harvard, suka tattara bincike 27 da ya ƙunshi mutum sama da 10,500, suka gano shirin da ma'aikatan lafiya ke bi a tsare don haɗa mutum da AA ya fi sauran hanyoyin da aka gwada wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya, kusan 42 cikin 100 ba su sha ba har shekara guda, a sauran hanyoyin kuwa 35. Adadin ya nuna taron yana aiki, ya kuma nuna fiye da rabi sun sake sha cikin shekarar, don haka komawar ƙanina a kwana na 47 abu ne da ya kamata mu shirya masa tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 2.6 giya ta yi sanadin mutuwarsu a 2019, kuma ina da yaƙinin cikinsu akwai waɗanda suka daina suka koma, kunya ta hana su sake neman ƙofar.

Ban ce taron ba shi da aibi ba. Mutanen ciki ba likitoci ba ne. Bayan komawarsa likita ya ɗora shi a kan naltirekson, maganin da ke rage ƙishin giya, sai wani a taron ya ce masa wai mai shan magani bai daina da gaske ba, wannan magana ce mai haɗari kuma ba matsayin ƙungiyar ba ce, Baba ya ce masa maganar magani tsakaninsa da likitansa ce. Sirrin da ake riƙewa a ɗakin shi ma alƙawari ne tsakanin mutane, ba kamar sirrin likita da doka ta kare ba, don haka abin da ya yi nauyi sosai gara a faɗa wa jagora shi kaɗai. Sannan ba kowa ne a ɗakin ya gyaru ba, ana samun mai neman bashi ko mai zagaye sabbin zuwa musamman mata, shi ya sa al'adar taron take mace ta ɗauki jagora mace, kuma akwai tarukan mata zalla, har da ƙungiya sukutum ta mata, Women for Sobriety, da Jean Kirkpatrick ta kafa a 1975. Damuwar da ke ƙarƙashin shan nasa ma taron bai iya da ita ba, sai da aka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa yana ganinsa daban.

Yanzu wata 14 ke nan tun shansa na ƙarshe. Yana zuwa sau biyu a sati, ranar da ya yi tafiya yana shiga na waya. Matakin farko da ya ƙi da farko ya ce yanzu ya fahimce shi a hanya mai sauƙi, in ya kurɓa ɗaya ba shi ke yanke inda za a tsaya ba. Yana mataki na tara, na neman gafarar waɗanda ya cutar da gyara abin da zai gyaru, ya biya wasu basussuka, da matarsa kuma har yanzu ana kan gyara don ba a rana ɗaya yarda take dawowa ba. Wata uku da suka wuce suka ba shi makullin ɗakin, shi ke zuwa da wuri ya buɗe ya jera kujeru, lambarsa ce kuma yanzu a jikin jerin intanet ɗin. Abu na farko da ya yi da aka ba shi aikin, ya bi duk inda aka rubuta taron nasu ya tabbatar adireshin daidai ne. Satin jiya muna tare wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba, ya tashi ya fita waje, na jiyo shi yana cewa "ƙarfe shida ne, ka zo kawai, zan tsaya a bakin ƙofa."